HAƘƘIN YARO DAGA ƘARARRAWAR SAFE ZUWA TA TASHI

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon hedimasta, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga ƙungiya da ta ga dacewar in ce wani abu a kan haƙƙin yara. Na san akwai waɗanda da jin wannan kalma sai su ɗaure fuska, suna ganin baƙuwar al'ada ce da za ta sa ɗa ya ɗaga wa ubansa murya. Ni ma na taɓa zaton haka, don haka ina roƙon a yi mini haƙuri har in kai aya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ranar 20 ga Nuwamba, 1989, Nijeriya kuma ta karɓe ta a 1991. Ƙasashen Afirka sun tsara tasu a 1990, wadda ta ƙara da cewa shi ma yaro akwai nauyi a kansa na girmama iyaye da manya. Gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Jihar Kano ta samu tata dokar kare yara a watan Mayun 2023. Tun kafin duk waɗannan, addininmu ya ɗora wa uba zaɓa wa ɗa suna mai kyau, da ciyar da shi, da ilmantar da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

To, dokoki dai ga su. Amma ɗan aji uku a Unguwar Gai ko Tarai ko Durba bai taɓa ganinsu ba. Abin da yake gani shi ne yadda ake yi da shi daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi, kuma gani ya kori ji. A nan ne yake koyon ko yana da daraja ko ba shi da ita.

Bari in ba ku labarin da har yau yake ci mini rai. A farkon riƙona na hedimasta, a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba, wani yaro ɗan aji huɗu ya makara kwana uku a jere. A rana ta uku na tare shi a bakin ƙofa, na yi masa bulala shida a gaban 'yan'uwansa, ban tambaye shi komai ba. Washegari bai zo ba. Da aka yi mako guda sai na taka har gidansu bayan la'asar. Ashe mahaifinsa ya tafi ci-rani, mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya, shi ke jan ruwa, ya dama wa ƙannensa koko, ya sallami awaki, sannan ya rugo makaranta. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai sake dawowa ba. Bayan shekaru na gamu da shi yana dako a kasuwar Rano. Ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasi da cike rajista, amma wannan yaro ne ya koya mini cewa tambaya ɗaya kafin hukunci haƙƙi ce. Yarjejeniyar 1989 ta kira wannan da haƙƙin a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi. Alƙali ma ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara.

Yanzu mu bi yinin makaranta daki-daki. Da safe ana shara. Idan kullum 'yan mata ke riƙe da tsintsiya, maza suna buga ƙwallo, an koyar da darasin bambanci ba tare da an taɓa alli ba. A raba shara aji-aji, mace da namiji.

Sai kiran suna. A zamanin da muka fara aiki, bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, yaro yakan ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, mu ce ya isa shiga aji ɗaya. Yau ya kamata kowane yaro ya zo da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kuma malam ya kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Wanda aka saba kira da daƙiƙi a gaban aji, daga ƙarshe yakan yarda cewa shi daƙiƙin ne.

A cikin aji, mu dubi monita. Malam ya naɗa mafi ƙarfi, ya ba shi takarda ya rubuta masu surutu, shi kuwa ya rubuta wanda ya hana shi rogo, ya ƙyale abokinsa. Mun koya wa yara ke nan cewa mulki abin ramuwa ne. Da muka fara barin yara su zaɓi monita da ɗaga hannu kowane zango, suka kuma tsara dokokin aji guda biyar da bakinsu, sai ƙorafi ya ragu, domin mutum ba ya saurin karya dokar da ya sa hannu a kai.

Lokacin tara, a ga ko akwai ruwan sha da makewayi mai ƙofa. Yarinya 'yar aji shida da ta fara girma, in ba ta da wurin kewayawa a asirce, gida za ta tafi, wata kuma ba za ta komo ba. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana malamai: an kawo mana yara ne don karatu, ba don roron gyaɗa a gonarmu ko ɗebo wa iyalinmu ruwa ba.

Iyaye, ku ma akwai naku. Na san halin da ake ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tallan safe da aikin kaka su ke cinye rajistarmu. In ya zama dole yaro ya taimaka, a bari sai an tashi. Ba na cewa a daina horo, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai mai tanƙwarawa a hankali yake yi, in ya yi gaggawa ya karya.

Ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na farko, a ware rana guda a gayyato jami'an rajistar haihuwa na ƙaramar hukumar Kibiya, a yi wa duk yaran da ba su da takarda. Na biyu, aikin gayyar bana ya zama na makewayin 'yan mata da gyaran ruwan sha a firamarenmu. Na uku, a zaɓi dattawa biyu da iyaye mata biyu su haɗa kai da kwamitin kula da makaranta, duk yaron da aka yi mako ba a gan shi ba a bi sawunsa har gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗa na kowa ne. In mun yi haka, ranar yara ta 27 ga Mayu za mu sami abin nunawa da ya wuce fareti.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ɗaukaka Unguwar Gai da masarautar Rano baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.