Makarantar Wane Ne? Iyaye, Ɗalibai da Aikin Sa-kai a Kudancin Kano

  

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin jami'an ilimi da wasu abokan aikina masu bincike, wai mutanen karkara ba su damu da karatun boko ba, sai an wayar musu da kai. Duk taron da za a yi a birni kan makarantun Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a nan yake ƙarewa: a ware kuɗi, a buga takardu, a tura mota da lasifika ta zagaya ƙauyuka. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma dalilina na zo in faɗa muku yau.

Ku tashi daga nan ku nufi Yako ko Kafin Maiyaki ko Kwanar Dangora, ku tsaya a duk garin da kuka ga dama, ku tambayi wanda ya gina Islamiyyar garin. Za a nuna muku wanda ya ba da fili, da wanda ya sayi bulo, da birkilan da ya ƙi karɓar ladan aiki, da samarin da suka ɗebo ruwa da yashi. Makarantar allo kuwa, tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 iyaye ne ke riƙe da ita, da kuɗin Laraba, da damin hatsi a kaka, da noman gonar malam. To uban da ya yi duk wannan, shi ne kuma zai wuce ta gaban firamaren gwamnati, iska ta yaye rufinta tun farkon damina, ɗansa na ciki, bai ko waiwaya ba. Mutum ɗaya ne, aljihunsa ɗaya. Wanda ya ce jahilci ne ya hana shi, sai ya gaya mana inda jahilcin yake ɓuya ranar aikin Islamiyya.

Mutanenmu suna fitowa aikin makaranta don neman lada, domin kowa ya san taimakon ilimi sadaka ce mai gudana. Suna fitowa kuma don mutunci, kamar yadda ake fita gayya, domin wanda bai je ta wani ba ba za a zo tasa ba. Waɗannan biyun suna nan a kowane gari, ba sa bukatar lasifika. Abin da ya raba Islamiyya da firamare shi ne sanin mai abu. A Islamiyya uba ya san wanda ke riƙe da kuɗi, yana sallah da shi sahu ɗaya. In ya ba da dubu biyu, zai ga tabarmar da aka saya. In malami ya fara fashi, akwai inda zai kai ƙara, kuma kafin sati ya zagayo an zauna da malamin. A firamare bai san nawa ya shigo ba, bai san wa ya kashe ba, in ya yi magana kuma a ce masa aikin gwamnati ne.

Ba mutanen ne suka ƙirƙiri wannan nesanta ba, koya musu aka yi. Tun shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 saƙon hukuma shi ne ku kawo yara, sauran aiki namu ne. Dokar UBE ta 2004 ta maimaita, haka ma shirin ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar a 2019. Ina goyon bayan ilimi kyauta, kada a fita daga ɗakin nan a ce na faɗi akasin haka. Amma abin da ya isa kunnen mutumin ƙauye shi ne “ba ruwanka”. Abin da ya isa kunnen hedimasta kuma shi ne tsoro, har ya zama yana gudun kiran iyaye taro don kada a kai ƙararsa a ce yana tatsar kuɗi.

Za a ce mini ai an kafa kwamitocin gudanar da makarantu na SBMC. An kafa. Majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da su, shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 ya horar da su a Kano da wasu jihohi biyar, kuma a takarda tsarin ba shi da makusa: akwai kujerar mai gari, da ta limami, da ta mata, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta masu sana'a, har da ta yaro da yarinya daga cikin ɗalibai. Tambayata ɗaya ce ga shugabannin makarantun da ke zaune a nan: wa ya zaɓi kwamitinku? A wurare da yawa a ofis aka rubuta sunayen, ba a ganin su sai ranar da tallafi ya iso ana neman mai sa hannu a banki.

Bari in kai ku Nijar, domin su ma Hausawa ne manoma irinmu, kuma abin da ya faru a can na daɗe ina roƙon jami'anmu su karanta shi. A 2004, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, aka fara wani shiri a jihar Tawa don farfaɗo da kwamitocin makarantu da suke kira COGES. Ba da kuɗi aka fara ba. Abin da aka fara yi shi ne tara mutanen gari, maza da mata, su zaɓi shugabannin kwamiti da ƙuri'ar sirri. Daga nan kwamitin ya zauna da jama'a a babban taro, a lissafa matsalolin makaranta, a zaɓi waɗanda gari zai iya da ƙarfinsa, a rubuta, a ƙarshen shekara kuma a dawo gaban jama'ar a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. Garuruwan da ake cewa ba su damu ba suka shiga kafa ajujuwan zana, suna tara kuɗi da hatsi, suna bin gida gida don a sa yara makaranta. Zuwa 2007 gwamnatin Nijar ta shiga baza tsarin a ƙasa baki ɗaya. Ku lura da ƙuri'ar sirrin nan, domin a nan maganar take. Inda za a ɗaga hannu a gaban mai gari, babu wanda zai ƙi ɗan mai gari. Inda aka ba mutum dama ya zaɓa babu idon kowa a kansa, sai ya zaɓi wanda zai iya ba ajiyar kuɗinsa.

Bayan haka wasu masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi diddigin wani gwaji da aka yi a makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram. Rabinsu aka ba kwamitocinsu tallafin kuɗi, rabi ba a ba su ba, sannan aka kwatanta. Inda aka ba da tallafin, iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, yara a ƙananan ajujuwa sun ƙara zama. Amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, zuwan malamai aiki ma ya ɗan ragu. Abokan jayayyata suna son wannan ɓangare na biyu na sakamakon, suna cewa ka gani, iyaye ba za su iya gyara karatu ba. Su masu binciken kuwa abin da suka fahimta shi ne iyaye suna da niyya, iko ne ba su da shi. An danƙa musu kuɗin rufi da benci, ba a danƙa musu bakin magana a kan malamin da ke karɓar albashi daga wani wuri, yake kuma ganin ya fi su ilimi ba. Wannan shi ne ainihin halin da muke ciki daga Kiru har Riruwai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun ba shi guduma mun hana shi hawa.

Ɗalibai kuma nasu dalilin na yin aikin sa-kai ya fi sauƙin gani. A tsangaya gardi ke biya wa ƙolo karatu, ba wanda ke biyansa, domin shi ma haka aka yi masa. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Ita ce ke dawo da yaranmu na jami'o'i da kwalejoji gida lokacin hutu suna koya wa ƙannensu lissafi da Turanci kafin jarrabawar WAEC da NECO. Ita ce ke sa mai takardar NCE ya riƙe aji shekara da shekaru yana ɗan sa-kai. Wasu na cewa ai aiki suke nema. To mene ne aibin hakan? Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauki dubban malaman sa-kai na shirin BESDA aiki na dindindin, kuma daidai ta yi, domin matashin da ya ga ana tunawa da wanda ya yi hidima zai fito ya yi. Sai dai in ja kunnen malamai: yaron da aka kora da bulala ya je ɗebo ruwa ko ya yi noma a gonar wani, ba aikin sa-kai ya yi ba, kuma da haka ake koya masa ƙin makaranta. Kujerar nan ta ɗalibai a kwamiti kuwa, a daina cika ta da yaran da za su zauna su sunkuyar da kai. Yarinyar aji shida ta san ban-ɗakin da ba shi da ƙofa, ta san ƙawarta da ta daina zuwa da dalilin dainawarta. In ba za ta iya magana gaban iyayenta maza ba, a sa malama ta ji daga bakinta ta kawo.

Na san abin da za a tayar mini da shi. Wai in iyaye suka fito, gwamnati za ta noƙe. Albashi da ɗaukar malamai da manyan gine-gine nauyin gwamnati ne, gwamnatin Kano ma ta amsa haka da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, kuma garin da ya san lissafin makarantarsa ya fi kowa iya bin ta bashi. Wai kuma talauci. Wanda ba shi da kuɗi yana da hannu, a kaka kuma manomin masara na Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada ba ya rasa tiya ɗaya.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A rushe duk kwamitin da aka rubuta a ofis, a tara gari a yi zaɓe da ƙuri'ar sirri. Kowane kuɗi da ya shigo, na shirin AGILE ne ko na wani ɗan gari mai hali, a rubuta shi a bangon makaranta, a kuma karanta bayan sallar Juma'a. A yi wa mata nasu taron a cikin gida, a lokacin da za su iya zuwa, domin su ke tashin yaro da safe, su ke yanke shawarar talla ko makaranta. A kira babban taro bayan an kai amfanin gona gida, a gama gyaran rufi kafin iskar bazara. Hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, ta fito da takarda ƙarara da za ta bambance wa hedimasta harajin dole da gudummawar da gari ya yanke wa kansa. Mafi girma duka, a ba kwamiti ikon duba rajistar zuwan malamai, kuma in ya rubuta ƙorafi, sakataren ilimi ya amsa a rubuce cikin wata guda.

Ranka ya daɗe Hakimi, wannan ba ya jiran kasafin kuɗi. Kai da sakataren ilimi za ku iya zaɓar mazaɓa ɗaya a ƙasar Kiru ku fara da makarantunta a wannan kakar, a rubuta yawan malaman da ke zuwa aiki da yawan yaran da ke aji kafin zaɓen kwamiti, a sake ƙirgawa bayan shekara.