Noman Banjar a Ƙasa Mai Gishiri: Darasi Daga Arewacin Masar



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wata shuka da ake tatsar sukari daga saiwarta, wadda mutanen Masar ke kira banjar, da yadda ake noma ta a ƙasa mai gishiri inda ruwa ya yi ƙaranci. Saiwar banjar fara ce, ta yi kama da ƙaton karas, sukarin da ke cikinta kuwa yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinta. Wani masani Bajamushe, Andreas Marggraf, shi ya gano wannan sukari a 1747. Asalin shukar ciyawa ce da ke fitowa a gaɓar teku, watau tun fil azal ta saba da gishiri.

Abin da Ya Kai Masar ga Banjar

Masar ba ta da damina, rayuwarta ta rataya ne ga Kogin Nilu. Yarjejeniyar 1959 tsakaninta da Sudan ta ba ta ruwa mita kubik biliyan 55.5 a shekara, jama'a kuwa sai ƙaruwa suke yi. A da, ambaliyar kogin ke wanke gishirin gonaki kowace shekara. Da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 sai ambaliya ta tsaya, aka koma ban ruwa rani da hunturu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tasowa, rana na busar da shi, gishiri na zama a sama. Abin ya fi tsanani a arewa, inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum.

Raken da ake nomawa a kudancin ƙasar yakan shekara a gona, yana shan ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500. Banjar kuwa wata 6 ko 7 take yi, a lokacin sanyi, milimita 550 zuwa 750 sun ishe ta. Saboda haka aka kafa kamfanin Delta Sugar a 1978, masana'antarsa ta Hamul a lardin Kafrul Shaikh ta fara aiki a farkon shekarun 1980. Yau fiye da rabin sukarin da Masar ke yi daga banjar yake fitowa.

Iyakar Juriyarta

Ana auna gishirin ƙasa ne ta ganin yadda lantarki ke ratsa ruwan da aka tace daga jiƙaƙƙiyar ƙasar, ma'aunin kuwa ana ce da shi desisimin. A 1977 masana biyu na Amurka, Maas da Hoffman, suka jera amfanin gona bisa juriyarsa. Rake da masara sukan fara raguwa daga ma'auni 1.7, shinkafa daga 3, alkama daga 6, banjar kuwa sai an wuce 7. Daga nan duk ƙarin ma'auni ɗaya yakan rage amfanin da wajen kashi 6 cikin 100.

Dalilin wannan juriya shi ne, gishiri kan riƙe ruwa a ƙasa har saiwa ta kāsa zuƙarsa, shuka ta yi yaushi ko da ƙasa na da danshi. Ita banjar sai ta ɗebi gishirin ta ajiye a ganyenta, ruwan jikinta ya fi na ƙasa kauri, da haka take janyo ruwa inda wasu suka gaza.

Amma fa wannan ƙarfi na babbar shuka ne. A lokacin tsira banjar ba ta da ƙwari, ba a son gishirin da ke kewaye da iri ya wuce ma'auni 3. Manomin da ya yi tsimin ruwa a makonnin farko zai ga gonarsa ta fito gibi-gibi, takin duniya kuwa ba zai cike wannan gibi ba.

Inda Ake Tsimi da Inda Ba a Yi

Kowane ruwa yana ɗauke da gishirinsa. Alal misali, ruwa mai ma'auni 1 yana da gishiri wajen miligiram 640 a kowace lita. In an zuba milimita 600 na irinsa a hekta ɗaya, an zuba gishiri kusan tan 4 ke nan. Shuka ta sha ruwan, rana ta busar da saura, gishirin ya zauna. Banjar ba ta kwashe shi, jure masa kawai take yi. Idan aka ba gona daidai abin da shuka za ta sha, ba ƙari, to gishiri zai yi ta taruwa shekara a kan shekara har ita kanta banjar ta gaza.

Don haka tsarin ban ruwa ya kasu uku. Da fari, a ba gona ruwa mai yawa kafin shuka don ya tura gishiri ƙasa, a kuma riƙe danshi har tsiro ya kama. Ana so a sa iri a gefen kunya, domin gishiri a ƙoƙuwarta yake taruwa. Na biyu, idan saiwa ta nutsa, tana iya kai mita ɗaya ko fiye, sai a riƙa jinkirta ruwa kaɗan-kaɗan, nan ne wurin tsimi. Na uku, a yanke ruwa makonni 3 zuwa 4 kafin a haƙe, domin sukari ya ƙara kauri. Haka kuma a guji yawan takin yuriya a ƙarshen lokaci. Shi da gishirin da ya shiga saiwa sukan hana sukari daskarewa a masana'anta, masana'anta kuwa da zaƙi take biya, ba da nauyi kaɗai ba.

Har ila yau, wanke gishiri ba ya yiwuwa sai ruwan wankin ya sami mafita. Shi ya sa tun shekarun 1970 Masar ke binne bututun magudanar ruwa a ƙarƙashin miliyoyin eka na gonakinta. Inda ƙasa ta yi kanwa ta ƙi shan ruwa, sai an fara zuba mata jibsin kafin wanki ya yi amfani.

Kammalawa

Banjar shukar sanyi ce, ba a ko'ina take yi ba. Amma darasinta ya shafi duk inda ake noman rani, har da Kadawa da Bakolori. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗin aikin ban ruwa yakan ga magudana a matsayin abin da za a iya ɗagawa zuwa baɗi, domin ba ta da kyan gani kamar madatsa a ranar buɗewa. Ɓarnar gishiri kuwa a hankali take zuwa, in ta bayyana gyaranta ya fi rigakafinta tsada nesa ba kusa ba. Shuka mai juriya jinkiri kawai take sama wa manomi. Ƙasar da za a gadar wa 'ya'ya sai an tanadar mata ruwan wanki da hanyar fitarsa tun ranar da aka haƙa hanyar shigarsa.

Allah Ya ba da albarkar noma. Wassalam.