Lafiya Kafin Wuta: Gwajin Likita Ga Masu Kashe Gobarar Daji Da Haƙƙinmu A Ciki

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron iyaye da matasa na Mbamba, Yola



 Kwamiti ya ɗora mani nauyin in yi bayani a kan gwajin lafiya ga masu kashe gobarar daji. Ni dai kun san ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga karatu da tambayar ma'aikatan asibiti, kuma zan bi shi daki-daki kamar yadda muke yi a ajinmu na yaƙi da jahilci, domin kowa ya koma gida da abin da zai riƙe.

Dalilin wannan zama shi ne abin da ya faru bara da kaka, wanda yawancinku kuna wurin. Wuta ta taso daga daji bayan la'asar, iskar hunturu tana kora ta zuwa inda aka tara shinkafa ba a kai ga casawa ba. Aka yi kururuwa, kowa ya kamo reshen ɗanyen ganye ya fita. Alhamdu lillahi an tare wutar. Amma wani ɗan'uwanmu magidanci, mai shekara arba'in da 'yan kai, wutar ko taɓa shi ba ta yi ba, sai kawai aka ga ya dafe ƙirji ya zube. Da aka kai shi asibiti aka ce jininsa ya daɗe da hawa, shi kuwa bai taɓa aunawa ba. Allah Ya sa da sauran kwana, amma har yau hannunsa guda bai koma daidai ba, ga iyali. Da an auna shi tun kafin ranar, da an ce masa ya tsaya wajen ɗebo ruwa, ya bar bakin wuta ga wasu.

To jama'a, me wutar daji take yi wa jikin mutum? Abu uku ne suke haɗuwa a lokaci guda. Na farko aikin ƙarfi: gudu, sara, bugu, ba hutu, zuciya tana harbawa iyakar ƙarfinta. Na biyu zafi. Mu nan Yola mun san a watannin Maris da Afirilu zafi yakan wuce digiri 40 ko babu wuta, balle a tsaya gaban harshenta. Mai irin wannan aiki yakan zubar da gumi fiye da lita ɗaya a awa guda, jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara wahala. Na uku hayaƙi. A cikinsa akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa har ninki 200 da ɗoriya. Tsumman da muke jiƙawa mu ɗaure a hanci yana rage toka, amma ba ya tare wannan iska. Idan mai lafiya ya shiga wannan hali zai galabaita ya warware. Idan mai ɓoyayyen ciwo ne, nan ciwon yake bayyana.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. A Amurka, inda ake ajiye lissafin kowane ɗan kwana-kwana da ya rasu a bakin aiki, wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 ciwon zuciya ne yake kashe su. Haka kuma a 2022 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo kansa, saboda yawan cuɗanya da hayaƙi.

Saboda haka a can Amurka ba a barin mutum ya shiga dajin da ke ci da wuta sai an tantance shi. Da farko zai amsa tambayoyi a rubuce game da zuciyarsa, numfashinsa da magungunan da yake sha, wanda aka ga alamar matsala a tura shi wajen likita. Bayan nan sai gwajin ɗaukar kaya, mai mataki uku. Mai son aikin bakin wuta zai goya kaya mai nauyin kilo 20, ya yi tafiyar kilomita 4.8 cikin minti 45, da sauri amma ban da gudu. Mataki na tsakiya kilo 11 ne, kilomita 3.2 cikin minti 30. Mafi sauƙi, na masu aikin da ba na ƙarfi ba, kilomita 1.6 cikin minti 16 ba kaya. Kilo 20 ɗin nan shi ne nauyin jarkar 'yan garuwa mai lita 20 idan ta cika. Ku lura da hikimar: wanda bai iya na farko ba, akwai wani aikin da ya dace da shi. Kuma ana sabunta gwajin kowace shekara, domin lafiyar bara ba ita ce ta bana ba.

Yanzu mu dawo gida. A wajenmu mutum biyu ne wannan magana ta shafa. Akwai matasanmu masu neman aikin kwana-kwana na gwamnati, ko aikin gadin daji irin na gandun Gashaka-Gumti da ya ratsa jiharmu da Taraba, inda kula da wutar rani yake cikin aikinsu. Sannan akwai mu 'yan sa-kai da muke fita idan an yi kururuwa.

Bari in fara da masu neman aiki. Hukumar kashe gobara ta tarayya an kafa ta ne da dokar 1963, kuma ana ɗaukar ma'aikatanta ta hannun hukumar da ke ɗaukar 'yan Sibil Difens, ma'aikatan gidajen gyaran hali da na shige da fice, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. A sanarwarsu ta shekarun nan sukan nemi tsawon da bai gaza mita 1.65 ba ga namiji, 1.60 ga mace, da kewayen ƙirji mita 0.87 ga namiji, da kuma takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Cika fom ɗin ta intanet ake yi, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka riƙe aljihunka. A nan kusa muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da muke kira FMC Yola, ga kuma Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta.

Idan ka je, ga abin da aka saba dubawa: awon jini, sauraren zuciya da huhu, hoton ƙirji, fitsari, sukari, rukunin jini da gwajin sikila, gani da ji. Za a tambaye ka ko kana da asma, farfaɗiya, ko ka taɓa suma. Ka faɗi gaskiya. Awon jini idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka same shi haka, hawan jini ke nan, ana kuma samun sa har ga ɗan shekara 25.

A nan zan yi magana da iyaye, kuma ku yi mani haƙuri. Ya zama ruwan dare a ba wani ɗan tsakani kuɗi ya kawo takardar lafiya da hatimi, yaro ko ƙofar likita bai taka ba. Uba yana ganin ya taimaki ɗansa ke nan. To takardar ba za ta ɗauki jarka a madadinsa ba. Ranar da aka shiga horo, ana gudu cikin rana, idan yaron yana da asma ko sikila ko raunin zuciya, a nan za a sani, kuma a lokacin ba lallai a samu damar gyarawa ba. Bugu da ƙari takardar jabu laifi ce, ana korar mutum a kanta ko bayan shekaru. Gara yaro ya rasa wannan aikin ya nemi wani da ransa.

Sai kuma haƙƙinku a wajen gwaji, wanda shi ne aikin wannan ƙungiya ta tunatar da ku.

Na ɗaya, likita jikinka yake aunawa. Ba ruwan awon jini da garin da kakanka ya fito. Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasa, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, asali ko addini. Idan aka ƙi auna ka, ko aka ƙara maka kuɗi don an ce kai baƙo ne, ka nemi ganin shugaban sashen cikin ladabi, sannan ka sanar da mu. Amma mu rarrabe abu biyu: takardar shaidar asali dabam take da ta lafiya. Aikin tarayya ana raba shi ne bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi, don haka za a nemi ta asali. Mun san wahalar da yaranmu da aka haifa a nan suke sha a kanta. Shawararmu a nemi wannan takarda tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, kada a bari sai saura kwana uku.

Na biyu, sakamakonka sirrinka ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum ba a bayyana shi ga wani sai da yardarsa ko inda doka ta wajabta. Ba a karanta sakamakon mutum a bainar jama'a a kan layi.

Na uku, kana da haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake ji. Idan aka ce ba ka ci gwaji ba, ka tambaya: mene ne aka gani, yana warkewa, yaushe zan dawo? Abubuwa da yawa na ɗan lokaci ne. Wanda zazzaɓi ya kayar, ko wanda ya sha shayi mai ƙarfi ya hau mashin cikin rana ya iso a firgice, awonsa yakan hau. Ka roƙi a bar ka ka zauna minti biyar zuwa goma a sake aunawa.

Na huɗu, dokar 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar HIV ta hana a mayar da wannan gwaji sharaɗin ɗaukar aiki, sai a wani yanayi ƙalilan da dokar ta ware, kuma ba a yin sa ba da sanin mutum ba.

Na biyar, duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit, ka kuma yi kwafin kowace takarda ka ajiye a gida. Amfanin wannan yana zuwa daga baya. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta sanadin aikinsa. Takardar da ta nuna huhunka lafiya lau ranar da ka fara aiki, ita ce hujjarka idan hayaƙi ya lalata shi bayan shekara goma. Wanda ya sayi ta jabu ba shi da abin kamawa.

Yanzu sai mu 'yan sa-kai, da ba mu da albashi ba mu da inifom. Motar kwana-kwana kafin ta taso daga cikin gari ta iso bayan Mbamba, sau da yawa mu ne a wurin. Kwamiti yana ba da shawara kamar haka, kuma muna so a tattauna a amince yau.

Kowace shekara a watan Oktoba, kafin ciyawa ta bushe, duk mai son a rubuta sunansa cikin masu fita ya je asibitin sha-ka-tafi a auna jininsa da sukarinsa. Wanda ya haura shekara 40 ya ga likita. Bayan an auna, ba kafin nan ba, matasa su gwada tafiyar nan da jarka da sanyin safiya, a fara da rabin jarka ana ƙarawa a hankali. Sai a raba mutane gida uku: masu bakin wuta, masu share ciyawa a yi hanyar tare wuta kewaye da tarin amfanin gona, da masu kawo ruwa da kiran 112 da kula da yara. Mai hawan jini, mai asma, mai sikila, mai farfaɗiya, mai ciwon sukari da wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, wurinsu gida na uku. Kada kowa ya yi masu gori. Yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya zuwa bakin wuta ko da ya fi ubansa tsawo.

A bakin aikin kuma, a sha ruwa kafin a ji ƙishi, a riƙa musanya mutane, kada wanda ya shiga shi kaɗai, kada a tsaya inda iska take kora hayaƙi, kuma a guji riga mai roba domin tana narkewa a jiki. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko aka ga maganarsa ta rikice, a janye shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nufi asibiti ba tare da jiran ya huta tukuna ba. Matasa, ƙwayoyin nan da ake sha wai don ƙarin ƙarfi suna ɓoye gajiya ne kawai, wanda ya sha kada ya fito.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin wanda yake tari da dare da wanda yake haki idan ya hau tudu. Ku faɗa masa, idan ya ƙi ji ku faɗa wa babbansa.

Ina kuma tunatar da masu cinna wuta don farautar gafiya ko share gona cewa hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idoji a 2011 da suka hana ƙona daji barkatai. Wutar da ba a kunna ba ita ce ba ta buƙatar mai kashewa.

Wanda karatun fom ko na sakamakon asibiti yake ba shi wuya, ya same ni bayan an tashi aji, in karanta masa mu biyu, ba mai ji. Ma'aji yana nan da littafi a bakin ƙofa don rubuta sunayen masu zuwa awo.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku gyara mani. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.