Gurasa Biyar Da Yara 68

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Yohanna, sura 6, aya 1 zuwa 13. Filibus ya yi lissafi ya ga ko gurasar dinari 200 ba za ta ishi taron ba. Andarawas ya kawo yaro mai gurasa biyar da kifi biyu, amma shi ma da shakka ya kawo shi.

A shekara ta 1876 akwai wani fasto a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, sunansa Walter Bion. Kafin ya zo birni ya yi hidima a ƙauyukan tuddai na Appenzell, inda yara ke shan iska da madara. Da ya ga 'ya'yan leburori a lungunan birni duk sun rame, sai abin ya tsaya masa a rai. Roƙo ya yi, jama'a suka ba da abin da suka iya. Da wannan kuɗi ya kwashi yara 68 tare da malamai, suka yi mako biyu a kan tuddan nan.

Mako biyu kawai! Wani zai ce, me wannan zai gyara a rayuwar ɗan talaka? Tambayar Andarawas ke nan. Amma iyaye sun ga fuskokin 'ya'yansu da suka dawo, labari kuwa ya bazu. Biranen Jamus suka ɗauka. A 1881 Fasto Lorriaux da matarsa suka soma irinsa a Faransa. A 1888 mutane daga ƙasashe dabam dabam suka taru a Zurik domin shawara a kan wannan aiki.

To, mu ma haka sansanin matasanmu yake tafiya. Ba gwamnati ke ciyar da shi ba. Zumuntar mata ce ke auno masara da gero, wani dattijo ya ba da aron motarsa, wata gwauruwa ta aiko da itacen girki. Abin da ke damunmu shi ne, in an sa kuɗin rajista, ɗan mai hali ya tafi, maraya ya zauna a gida yana kallo. Bion kuwa da irin waɗannan yaran ya fara. Dattawan ikkilisiya, kafin hutun makaranta ya zo, a rubuta sunayensu, a yi baiko na musamman dominsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ga ɗan abin da ke hannunmu. Ka karɓa, ka sa albarka, ka tsare yaranmu a hanya. A cikin sunan Yesu, amin.