Kafin a Sayi Injin Busarwa: Lacca kan Sana'ar Wanki da Guga a Kano

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina sa-in-sa da wasu abokan aikina masu rubuta wa matasa takardun neman rance, a kan abin da ake nufi da zamanantar da shagon wanki da guga. Duk takardar da ta zo hannuna fasalinta ɗaya ne: injin wanki huɗu, injin busarwa huɗu, kujerun jira da talabijin, mai kaya ya zo ya wanke da kansa ya biya ya tafi. Wannan tsarin Amurka ne. A Fort Worth ta jihar Texas aka fara shi a 1934, kuma ya zauna da gindinsa a can saboda dalilansu: ladan ma'aikaci da tsada, iskar gas da araha, jama'a da yawa na haya a benaye babu tsakar gida balle igiyar shanya, ga sanyin da ke hana kaya bushewa wata da watanni. A gaya mini wanne daga cikin waɗannan ya dace da Kano.

Magidancin da ya aiko yaro da shadda kala biyar ranar Laraba ba zai zo ya zauna yana kallon inji na juyawa ba. Abin da yake biya shi ne sitacin da ya kama daidai, da karin guga da ya miƙe, da aikin wuyan babbar riga da ba a murƙushe ba, ya saka ranar Juma'a ya fita cikin mutane. Hularsa ma wajen wani daban take zuwa, mai wankin hula da ke ɗora ta a kan itace ta bushe da siffarta. A Ƙofar Mata har yau masu bugu na fito da ƙyallin yadi da sandar bugu, kuma ban ga injin da ya karɓe musu aikin ba.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya tafi da shi gida. A shagon wanki, zafi ne ke cin kuɗi. Juya ganga da ruwan sanyi ba ya cin wuta sosai: injin wanki na gida, idan ba a sa shi dumama ruwa ba, wanki ɗaya bai kai rabin yunit ba. Injin busarwa na lantarki kuwa, zubi ɗaya yakan sha kusan yunit 3. Kun san abin da ya faru a Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya tsaya sama kaɗan da 200. Mu ɗauki 200 ɗin. Wanki ɗaya bai wuce naira 100 ba, busarwa ɗaya naira 600. Shagon da ke zubi goma a rana zai ba wa busarwa kaɗai naira 6,000, a kwana 26 na aiki ya zama naira 156,000.

Wannan fa ga wanda ke kan layin rukunin A da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana ke nan. Mafi yawan shagunan cikin unguwa ba sa kan wannan layi, janareta suke tayarwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin janareta da ƙyar yake ba ka yunit 2 daga lita ɗaya. Ke nan a farashin ƙarshen 2024 yunit ya koma wajen naira 500, zubi ɗaya na busarwa naira 1,500, zubi goma 15,000 a rana. A wata, naira 390,000 ta tafi wajen aikin da rana ke yi mana kyauta daga Oktoba har zuwa Mayu. Kaya kala nawa za a goge kafin a mayar da wannan kuɗi? Ban taɓa ganin takardar neman rancen da ta amsa wannan tambaya ba, domin ba a ma yin ta.

Na shiga wani shago a bara, na wani matashi da ya ci bashi ya sayi irin waɗannan injuna. Na tarar da injin busarwa biyu an lulluɓe su da tsohon zani, an jera gogaggun kaya a kansu. A bayan shagon ya ɗaura igiyoyi daga katanga zuwa bishiyar darbejiya, kaya na kaɗawa. Ya ce mini wata biyu kawai ya kunna su ya gane ba za su fitar da shi ba, amma har yau yana biyan bashinsu duk wata. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin yaron ba rago ba ne, shawarar da aka ba shi ce ta kayar da shi.

Za a ce mini ai akwai damina da ƙurar hunturu. Akwai su. Rumfar kwano mai tsayi da fanka biyu ta ishi Agusta, labulen buhu ko raga ya tare ƙura. Wanda ke wa otal ko asibiti wankin zannuwan gado ya sayi injin busarwa ɗaya mai aiki da gas. Masu cewa ɗalibai za su so wanki da kansu, to su gwada a bakin Jami'ar Bayero ko a Samaru ta Zariya, amma kada a mai da shi tsarin kowa.

Zafin da ba makawa sai an biya shi ne na guga. Dutsen guga na lantarki yakan kai wat 2,000, shi ya sa da yawa suka koma na gawayi. Kun ga yadda mai guga ke fifita shi, ya busa toka, ya fara gwadawa a kan tsumma kafin ya kusanci shaddar mutane, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ribar mako. Ni a ganina nan ya kamata jari ya shiga: tukunyar tururi ko dutsen guga mai aiki da gas, da teburi mai faɗin da zai ɗauki babbar riga.

Sai ruwa. Inji mai buɗewa ta sama yakan sha fiye da lita 100 a wanki ɗaya, wato jarka huɗu ko biyar ta 'yan garuwa. Mai ƙofa ta gaba yana shan kusan rabin haka. A sayi mai ƙofa ta gaba, a kafa tanki, a sa farantan sola su ja famfo da injin wanki da rana tsaka ba tare da tarin batura ba. Kada kuma a yi rowar ruwan ɗauraya. Da waɗannan kaya ake salla, kuma mai kaya yana da haƙƙin sanin cewa ba a haɗa masa riga da tsumman jarirai ba.

Wanda zai sayi tsohon shago kuwa, ya fara zama da mai gugan da ke ciki, don shi masu kawo kaya suka sani, in ya tashi za su bi shi. Ya ga yarjejeniyar haya a rubuce. Ya bincika bashin wuta da ke kan wurin, domin mutane da yawa sun sayi shago sun gaji tsohon bil. Ya duba littafin karɓar kaya na wata shida, har da na makon jajibirin salla da na tsakiyar damina, ya ga yadda ake sa wa kaya alama da yadda ake biyan wanda aka ɓatar wa riga.

Ga jami'an da ke zaune a gaba ina da buƙata biyu. A daina raba wa matasa injuna a matsayin tallafi ba tare da an je an ga wuta da ruwan unguwarsu ba. Sannan Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN da bankunan ƙananan rance su ƙara layi ɗaya a fom ɗinsu na wannan sana'a, inda mai nema zai rubuta yunit nawa da lita nawa shagonsa zai sha a wata, da inda zai samo su.