Kuɗin gas a gidan haya na Aljeriya: daga mita zuwa takarda

Maganar yau ta 'yan'uwanmu ce waɗanda fatauci ko neman aiki ya kai Aljeriya, suka kama haya a Tamanrasat ko Gardaya ko Wargla. Duk wata uku mai gida kan zo da takarda ya ce ga kuɗin gas, a haɗa a kawo. Da yawa biya kawai suke yi, ba su san ta inda kuɗin ya fito ba, daga nan kuma rigima ke tashi tsakanin 'yan ɗaki.

A nan gida mun saba da gas na tukunya: ka biya, a cika maka, in ya ƙare ka koma. A manyan garuruwan Aljeriya kuwa ta bututu yake shiga gida kamar ruwan famfo, sai ka ƙona sannan ka biya. Kamfanin Sonelgaz ne ke da shi, kuma takarda ɗaya ce ke ɗauke da kuɗin lantarki da na gas. To kada a kalli jimillar ƙasa a ce duk gas ne.

Abu na farko, mita ba ta komawa sifiri. Kamar agogon kilomita na mota take, tun ranar da aka kafa ta take ƙirga. Lambar da ka gani a jikinta ba bashinka ba ce. Bashinka shi ne bambancin lambar yau da lambar karatun da ya wuce. A takardar za ka ga biyun, tsohuwa an rubuta "ancien index", sabuwa "nouvel index". Mu ɗauki misali: tsohuwa 4,210, sabuwa 4,390. Ka cire, saura 180. Wato an ƙona kubik mita 180, kuma kubik ɗaya lita 1,000 ne, cikin duro biyar ke nan. Lambobin da ke bayan waƙafi, waɗanda galibi ja ne, gutsure ne, ba a sa su cikin lissafi.

Amma ba da kubik ake sayar maka ba. Makiyayi ya san ƙwarya biyu ta nono kan zo daidai a awo, amma man da za a samu ya bambanta. Haka gas yake: mita na auna yawansa, kamfani na sayar da zafin da ke cikinsa. Don haka sai a ninka kubik ɗin da wata lamba da ke rubuce a takardar, wadda ke tsakanin 9 da 10 ko kusa da haka, a samu abin da suke kira "thermie", mu ce tarmi. In lambar 9.5 ce, kubik 180 ya zama tarmi 1,710.

Yanzu ga inda ya kamata a buɗe kunne. Tarmi ba farashinsa ɗaya ba, hawa-hawa ne. A cikin wata uku, 1,125 na farko su ne masu araha. Daga nan zuwa 2,500 farashin ya kusa ninkawa, in an wuce 2,500 ya sake hawa. A misalinmu, 1,125 a farashin ƙasa, sauran 585 a farashi na biyu. An yi wannan tsari ne da tunanin iyali guda a kan mita guda. To mu kuwa yaya muke zama? Mutum goma sha biyu a gida ɗaya, ɗaki huɗu, kowane ɗaki da tukunyarsa da butar shayinsa, mita ɗaya tal. Kason arahar nan sau ɗaya ake ba mita, ba a ba kowane ɗaki nasa. Shi ya sa takardar gidan taro kan yi nauyi ko da kowa yana ganin bai dafa wani abin kirki ba. Ba lalle ne mai gida ya cuce ku ba. Amma in ya ƙi nuna takardar, baki kawai yake faɗa, to akwai magana, ku dage sai kun gani da idonku.

Bayan kuɗin tarmi akwai wani tsayayyen kuɗi da ake biya ko ba a kunna wuta ba, sai harajin TVA da wasu ƙananan haraji. Ban da TVA, wanda ke ƙaruwa da yawan abin da aka ƙona, sauran ba su da alaƙa da wa ya fi dafa abinci, a raba su daidai tsakanin ɗakuna.

Ga fatake masu zuwa su yi wata ɗaya su koma, ranar da ka shiga gida ka rubuta lambar mita, ko ka ɗauki hotonta da waya a gaban mai gida. Ranar fita ma haka. In ba ka yi ba, kana iya biyan gas ɗin sanyin wanda ya riga ka, don takardar da ta haɗa da watannin hunturu, lokacin da na'urar ɗumama ɗaki ke kwana a kunne, ta fi ta bazara nesa ba kusa ba. In takarda ta zo, ka je ka duba: lambar mita ta yau ya kamata ta kai ta takarda ko ta ɗan wuce. In ta takarda ce ta fi, an yi kuskuren karatu ko ƙiyasi aka yi, sai mai sunan da ke kan takardar ya je ofishinsu da hoton a gyara.

Jajayen lambobin nan ma suna da ranarsu. Ku kashe duk abin da ke cin gas, ku rubuta su, ku jira kamar awa ɗaya. In sun motsa, bututu na yoyo: a rufe gas daga wajen mita, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana, a kira mai gyara.