Bishop ɗin da ya daina wa'azin wuta

Yau mun leƙa birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, matattarar masu zafin wa'azin Kirista. A can Bishop Carlton Pearson ya yi tashe. Almajirin mai wa'azi Oral Roberts ne, mabiyansa dubbai, kuma ya taso a kan cewa duk wanda ya mutu bai karɓi Yesu ba, wuta ce makomarsa har abada.

Wata rana yana kallon talabijin, ya ga 'yan gudun hijirar Ruwanda, mata da yara sun rame, ƙashi da rai. Abin ya tsaya masa a zuciya. Waɗannan da duniya ta gasa wa aya a hannu, a ce kuma azaba marar iyaka ke jiransu? Sai ya soma wa'azin cewa mutuwar Almasihu ta fanshi kowa da kowa.

Daga nan mabiya suka watse, baiko ya ja baya, har ginin majami'arsa ya suɓuce masa. A 2004 majalisar bishop-bishop baƙaƙen fata na ɗariƙar Fentikos ta ce koyarwarsa ɓata ce.

Masu sukarsa suna da hujja, domin Linjilar Matta sura 25 ta ambaci madawwamiyar azaba ƙarara. Abin da ya dame ni shi ne saurin da aminansa suka juya masa baya. Tausayi ne ya haifi tambayarsa, ya kamata a ce an zauna da shi an warware ta da ilimi. Ciwon daji ya yi ajalinsa a 2023, yana da shekara 70.